Hannu a Sama, Ƙafa ba Takalmi

Ranar 16 ga Oktoba 1968, a birnin Meziko, Tommie Smith ya lashe tseren mita 200 na gasar Olamfik cikin daƙiƙa 19.83. Da aka zo rataya lambobi, shi da John Carlos, wanda ya zo na uku, suka hau dandamali da baƙar safa, babu takalmi. Ana buga taken Amurka suka sunkuyar da kai, kowa ya dunƙule hannu cikin baƙar safar hannu ya ɗaga sama. Rashin takalmin nuni ne ga talaucin baƙar fata a ƙasarsu. Peter Norman na Ostiraliya, farar fata, da ke tare da su a dandamalin, ya maƙala bajen ƙungiyarsu ta yaƙi da wariyar launin fata a ƙirji. Shugaban kwamitin Olamfik, Avery Brundage, ya matsa sai da aka kori Smith da Carlos daga masaukin 'yan wasa.

Bayan kwana biyu abokinsu Lee Evans ya cinye mita 400 cikin daƙiƙa 43.86, bajintar da ta kusan shekara ashirin ba a karya ba. Ya hau dandamali da baƙar hula. Wannan mutum shi ne ya fi kusa da mu, domin daga baya ya zo Najeriya yana horar da masu gudu, kuma a Legas ya rasu a watan Mayun 2021.

Cikin buƙatun ƙungiyarsu har da hana Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata shiga gasar. Afirka ta ɗauki wannan yaƙi da kanta a 1976. A watan Yuni 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai wuta a Soweto, amma 'yan wasan ragabi na New Zealand suka je rangadin wasanni a Afirka ta Kudun. Majalisar ƙoli ta wasannin Afirka, ƙarƙashin ɗan Najeriya Abraham Ordia, ta nemi a fitar da New Zealand daga gasar Olamfik ta Montreal. Aka ƙi. Ƙasashe sama da ashirin suka janye, har da Najeriya da Nijar da Gana, wasu bayan 'yan wasansu sun riga sun sauka a Kanada.

Matakin daidai ne, amma wa ya biya kuɗinsa? Smith da Carlos su suka zaɓi abin da suka yi. A 1976 gwamnatoci ne suka yanke hukunci, masu gudu suka tattara jakunkuna. Dubi Benin: ta je Munich a 1972 da sunan Dahomey, ba ta je Montreal ba, sai Mosko a 1980. Saurayin da ƙafarsa ta yi kaifi a Parakou ko Djougou a tsakanin nan, shekara takwas ke gabansa, ga shi ɗan tseren gajeren zango ba ya daɗewa yana tashe.

A Tokyo kuwa, a 2021, kukan ya koma cikin gida. An hana 'yan wasan Najeriya goma shiga fili saboda ba a cika musu adadin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da doka ta tanada ba, ba don an kama su da laifi ba. Suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a masaukin 'yan wasa. Cikinsu akwai Favour Ofili, wadda a Paris a 2024 ta tarar da ba a saka sunanta a tseren mita 100 ba, alhali ta cancanta.