Ƙawancen Ƙananan Jam'iyyu: Daga NEPU Zuwa Majalisar Turai

Wannan makon tarihin siyasa za mu taɓa.

A Majalisar Tarayyar Turai, jam'iyyar da ba ta cikin rukuni ba ta da murya sosai, kuma a yau ba a kafa rukuni sai da wakilai 23 daga ƙasashe bakwai. A 1999 jam'iyyun kare muhalli suka haɗu da masu fafutukar 'yancin yankunansu, irin su SNP ta Sukotlan, suka kafa rukunin Greens/EFA. Manufa daban-daban, amma har yau suna tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma a ƙasar Kano an yi irin wannan, sai dai ƙarshen ya bambanta. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, don ƙwato wa talaka 'yanci. Da ta ga ba za ta iya da NPC ita kaɗai ba, a 1954 ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dakta Azikiwe. A zaɓen 1959 NEPU ta ci kujeru takwas cikin 312 na Majalisar Wakilai, har da ta Malam Aminu Kano. Sai ga shi NCNC ta shiga gwamnati da NPC. Wato a Legas NEPU tana zaune ɓangare ɗaya da jam'iyyar da take gwagwarmaya da ita a gida, alhali magoya bayanta na shan ɗauri a kotunan En'e.

Gabanin zaɓen 1964 aka sake lale. NEPU ta haɗu da UMBC ta Joseph Tarka, mai neman jihar Tsakiyar Najeriya, da KPP wadda ta taso bayan murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963. Suka zama NPF, sannan suka shiga babban ƙawancen UPGA. Zaɓen ya zo da rikici da ƙauracewa, Malam Aminu ya rasa kujerarsa. Jihohin da ake nema kuwa, Kano da Binuwai-Filato, ba majalisa ta ba da su ba, Janar Gowon ne ya ƙirƙiro su a 1967.

Me ya bambanta su? Na Turai ƙanana ne suka haɗu, kowa na buƙatar ɗan uwansa. NEPU kuwa ta jingina da babba, wanda cinikinsa ya fi ƙarfin buƙatarta.

Ga aikinmu. Wannan duk tarihin manya ne, yana cikin littattafai. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda ɗan NEPU a Kausani ko Wudil ya ji ranar da aka ce masa abokan Malam sun shiga gwamnati da NPC. Wanda ya jefa ƙuri'a a 1959 yanzu ya haura tamanin. Mu ɗauki waya da biro mu same su tun suna raye, mu tambayi na NEPU, mu tambayi na NPC, mu rubuta abin da suka faɗa ba ƙari.

Allah Ya sa mu dace.