Tatar gasara da sana'ar koko a zangunan Akra

Koko ya shigo Akra ne tare da Hausawa fatake da sojoji. Bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa kasuwar goro ta Salaga a 1892, baƙi daga arewa suka yi ta gangarowa bakin teku suna kafa zanguna. Unguwar Nima ta fara cika a shekarun 1930, Maamobi ta biyo baya. Gero kuwa ba ya cikin amfanin gonar kudu, shi ya sa har yau daga arewacin Gana ake sauke buhunansa a kasuwanni irin ta Malam Atta, inda masu koko ke awo tare da citta, kanumfari da barkono.

A da, jiƙaƙƙen geron a kan dutsen niƙa ake markaɗa shi, aikin da ke cin ƙarfin mace tun kafin asuba. Injin niƙa ya ɗauke wannan wahala, amma bai ɗauke wahalar tata ba, kuma a nan gwanintar sana'ar take. Ana ɗaure ƙyalle mai shara-shara a bakin baho, a zuba ƙullu, a riƙa ƙara ruwa ana juyawa da hannu. Da farko ruwan na zuba da sauri. Can sai dusa ta kwanta a kan ƙyallen, ya zama dole ruwa ya ratsa ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyinta. Idan niƙan ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce fuu, gasara ta maƙale a dusa, an yi asara. Idan ya yi laushi fiye da kima, kafofin su toshe, sai an dama an matse. Saboda haka mai koko ke tsayawa a kan mai inji, ta murza ƙullu tsakanin yatsu kafin ta ce ya yi.

Injiniyoyin ruwa sun iso ga wannan sani ta hanyar awo. Henry Darcy ya gwada gudun ruwa cikin yashi a Dijon ta Faransa a 1856. A 1892 Allen Hazen na Amurka ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyi ne ke iko da gudun, domin su ke cusa kansu tsakanin manya. Ya ɗauki girman da kashi 10 cikin 100 na nauyin yashin bai kai shi ba a matsayin girma mai tasiri. Lissafin wani masani mai suna Kozeny na 1927, wanda wani mai suna Carman ya gyara a 1937, ya fayyace cewa in aka rage faɗin ƙwaya da rabi, sauran abubuwa ba su canza ba, gudun ruwa na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne ya sa ɗan ƙarin laushi a inji ke jawo wa mai tata doguwar tsayuwa.

Bayan tata, ana barin gasara ta kwanta ta yi tsami, a tsiyaye ruwan da ya taru a kanta a tafasa, a dama da shi. Dusar kuma masu kiwon awaki da tumaki a cikin unguwa ke saye.