Allunan Bakin Titi a Matsayin Kayan Tarihi: Batun Abakwa da Kewayenta

Allon niyon bututun gilashi ne da ake lanƙwasawa a kan wuta har ya ɗauki siffar harafi ko hoto, a zuƙe iskar cikinsa, a ɗura masa gas kaɗan, sannan a toshe bakinsa biyu da ƙarfen da ke karɓar lantarki. Idan taransifoma ta tura masa wuta mai ƙarfin dubban bolt, sai gas ɗin ya kama haske. Niyon zalla ja yake bayarwa mai ratsin ruwan lemo, shuɗi kuwa daga argon yake fitowa idan an haɗa shi da ɗigon zaiba. William Ramsay da Morris Travers ne suka gano gas ɗin a Landan a 1898, Bafaranshe Georges Claude kuma ya nuna fitilar ga jama'a a Paris cikin Disamba 1910. Daga shekarun 1920 ta zama fuskar otal-otal da gidajen silima da gidajen mai a Amurka da Turai.

A Abakpa, wadda Hausawa ke kira Abakwa, da maƙwabtanta irin su Unguwar Shanu da Unguwar Sarki a arewacin Kogin Kaduna, niyon na ainihi bai taɓa zama kayan kowa ba. Yana buƙatar wutar da ba ta yankewa da gwanin lanƙwasa gilashi, abubuwa biyu da suka fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Abin da ya cika titi shi ne danginsa: akwatin roba mai dogon ƙwan fitila a ciki, da farantin ƙarfe mai fenti na kamfanonin lemo da sabulu, da allon katako ko na kwano wanda mai rubutun allo ya zana da hannu don tela ko mai aski ko mai kemis. Duk nazarin da zai taƙaita kan niyon kaɗai zai bar mafi yawan tarihin unguwar a waje. Saboda haka ya dace a ɗauki waɗannan alluna gaba ɗaya a matsayin iyali guda.

Hujjar adana su tana cikin shekarun garin kansa. Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, bayan an taso daga Zungeru. Ba ta da ganuwa irin ta Kano ko Zariya, ba ta da gidan sarauta mai ƙarnuka. Tarihinta na jirgin ƙasa ne da bariki da ofis da masaƙa da kanti, kuma irin wannan tarihi a jikin allo ake rubuta shi. Amma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wajen fayyace aikin hannu da ya cancanci sunan kayan tarihi, ta kafa iyaka da shekarar 1918, sai fa abin da aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ke nan kusan duk abin da hannun ɗan Kaduna ya ƙera ya zo bayan an rufe ƙofa. Wannan gibi ne babba, kuma garuruwan ƙarni na ashirin ne suka fi cutuwa da shi.

Allo shaida ne mai ɗauke da kwanan wata ko da ba a rubuta ba. Gidan man da ya ɗauki tambarin BP ya koma AP bayan gwamnati ta karɓe hannun jarin kamfanin a 1979, ya zama Forte Oil a 2010, daga baya Ardova. Esso ya zama Unipetrol, sannan Oando. Barclays ya koma Union Bank, Bank of the North kuma ya narke cikin Unity Bank a 2006. Kowane sauyi daga cikin waɗannan ya sauko da alluna a faɗin gari cikin ɗan lokaci, kuma da an ajiye guda ɗaya daga kowane zamani, da ɗalibi zai karanta tarihin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa da na sayar da su a jere a bango guda. Allon ƙaramin shago ya fi wannan ma zurfi, domin yana nuna harshen da mai shago ya zaɓa, Turanci ko Hausar boko ko ajami ko Larabci, da sunan garin da ya fito, da addu'ar da ya jingina kasuwancinsa gare ta. A unguwa mai gauraye irin Abakwa, inda kabilu da addinai suka daɗe suna cuɗanya, wannan zaɓi bayani ne kan wanda ake sa ran zai shigo saye. Wani lokaci ma sunan yakan fi allon tsawon rai: har yau ana kwatance da shataletalen Leventis da na NEPA a kan titin Ahmadu Bello, ko da yake NEPA ta sauya suna tun 2005.

Hanyoyin ɓacewarsu sanannu ne. Rana tana cinye fenti, damina tana kawo tsatsa, bugun fileks da fitilun LED sun karya kasuwar masu rubutun hannu. Faɗaɗa tituna a shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya taɓa fuskar shaguna da dama, kuma rushe otal ɗin Durbar a 2020, wanda aka gina don hawan dabar FESTAC na 1977, ya nuna cewa ko babban gini ba shi da tabbas. Allon da aka sauke yakan bi hannun 'yan gwangwan zuwa kasuwar Panteka, inda ake auna shi da kilo.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada mafita. An kafa gidan adana niyon na Las Vegas a 1996, inda aka bar alluna da yawa da tsatsarsu a fili, aka gyara wasu kaɗan suna haske. Warsaw ta buɗe nata a 2012 don allunan zamanin gurguzu, gidan tarihi na M+ a Hong Kong kuma yana karɓar waɗanda dokar gine-gine ta sa aka sauke. Darasin da ya fi amfani ga Kaduna shi ne na Las Vegas: ba dole ne a gyara kafin a adana ba. Sake fentin tsohon allo yana shafe hannun wanda ya zana shi, sa masa LED a madadin bututun gilashi kuwa ya mayar da shi kwaikwayo.

Akwai masu ganin cewa wasu allunan na mashaya ne ko silima, wuraren da jama'a da yawa ba sa alfahari da su. Amma adana shaida ba yabon abin da ta shaida ba ne, kuma tarihin garin da aka tace shi ya rage amfani ga mai bincike. Maganar kuɗi ta fi nauyi, amma matakin farko ba shi da tsada: rajista. A bi titi-titi a ɗauki hoton kowane tsohon allo a inda yake, a auna shi, a rubuta sunan shagon da shekarun da ya yi, a nemi tsofaffin masu rubutun allo a naɗi bayaninsu tun suna raye. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya dace da ajiye irin wannan kundi. Allon da shagonsa ke aiki gara a bar shi a mazauninsa, domin rabin ma'anarsa tana jikin titin. Wanda aka sauke kuwa yana da wuri kusa: gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, tafiya kaɗan ce daga Abakwa. Rumfa mai inuwa da iska ta isa ga allunan ƙarfe da katako. Na niyon suna buƙatar ƙarin kulawa saboda zaibar da ke cikin wasu bututun da ƙarfin wutar taransifoma, kuma 'yan sa'o'i na hasken sola da yamma sun wadatar a nuna yadda suke a zamaninsu.