Daga Fijon Kaduna Zuwa Motar Lantarki: Lissafin Da Ke Gaban Mutanen Suleja

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, zancen motar lantarki ya shigo majalisunmu. Wasu na cewa ita ce mafita, wasu na cewa wasa ne a garin da wutar ma sai an yi sa'a. Kafin mutum ya fasa asusunsa ko ya kwashi adashinsa, akwai tambayoyi biyu da ya kamata ya yi. Shin kamfanin da ya ƙera motar zai daɗe har ya ci gaba da kawo kayan gyara? Shin mai sayen zai fitar da kuɗinsa? Tarihin mota a ƙasar nan da ƙasashen waje ya riga ya ba mu rabin amsa.

Maganar ta shafe mu fiye da yawancin garuruwa saboda yadda rayuwarmu ta rataya a kan titi. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828. Da gwamnatin Murtala ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai muka bar masa sunan, garinmu ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a sabon birnin a ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsadar haya a can, da rusau, da hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006, duk sun turo jama'a Suleja da Madalla. Yau dubban mutanenmu suna kwana a nan, suna wuni a Abuja, tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa da dawowa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. Kuma ba aljihu kaɗai fetur ya taɓa ba. Ba mu manta da tankar da ta kama da wuta a mahadar Dikko ranar 18 ga Janairu, 2025 ba, inda fiye da mutum 80 suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Tambaya ta farko, ta ɗorewar kamfani, mun taɓa ganin amsarta da idonmu. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, motar da muke kira Fijo. A shekarun nan aka kafa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Anammco a Inugu, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Lokaci ne na kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji, naira ta fi dala daraja, ma'aikaci yana samun bashin mota, gwamnati kuma ta mai da Fijo 504 motar ofis. Kaduna tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, ba garejin da za ka shiga ka rasa bakaniken da ya san ta ciki da waje.

Amma mafi yawan sassan motar daga Faransa ake shigo da su, da kuɗin waje ake biya. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, naira ta karye, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi. Sai motocin gwanjo na Beljiyam da Kwatano suka mamaye kasuwa. Masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta na Kaduna a 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe kamfanin a 2012. Fijo ba ta lalace ba, masu iya sayenta ne suka ƙare. Abin da ya sa tsofaffin 504 suka ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan haka shi ne kayan gyaranta sun cika kasuwa kuma masu gyaranta suna ko'ina.

Ita ma motar lantarki ta taɓa faɗuwa a kan wannan lissafi, domin ba sabuwar aba ba ce. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Henry Ford ya fito da motarsa ta fetur, Model T, a 1908, kuma zuwa 1912 ana sayar da ita kimanin dala 650, alhali ta lantarki tana kai wa 1,750. Ga fetur ya yi arha, ga motar fetur tana cin dogon zango. Kafin 1935 motar lantarki ta kusa ɓacewa daga titi.

Dawowarta a zamaninmu ma da jiɓin goshi aka yi. An kafa Tesla a 2003, ya kusa rufewa a 2008, ya tsira da jarin kamfanin Daimler na Jamus da bashin dala miliyan 465 daga gwamnatin Amurka. Sai a 2020 ya fara cin ribar shekara guda cur, dala miliyan 721, wato bayan shekara 17. Ko a shekarar ma, ya samu fiye da dala biliyan ɗaya da rabi daga sayar wa wasu kamfanonin mota takardun shaidar rage hayaƙi, wanda ba don su ba da asara zai yi. Wasu ba su kai labari ba. Lordstown ya karye a 2023, Fisker ya bi shi a watan Yunin 2024, waɗanda suka sayi motocinsa suka wayi gari darajarsu ta zube, kayan gyara sun yi wuya. Wanda ya tsaya da ƙafarsa sosai shi ne BYD na ƙasar Sin, wanda ya fara da ƙera batir a 1995 kafin ya shiga harkar mota a 2003. Ya riƙe abin da ya fi tsada a jikin motar a hannunsa, ga kasuwar gida mai girma, ga goyon bayan gwamnati. A 2022 ya daina ƙera motar da ke amfani da fetur zalla.

A nan gida, ɗan Arewa ne ya ja gaba. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. A zamaninsa aka ƙaddamar da Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas a ƙarshen 2020, a kan kimanin naira miliyan 24, sannan aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Innoson na Nnewi ya nuna tasa a 2024. Waɗannan duk ci gaba ne, sai dai batirin da sauran manyan sassa daga waje suke zuwa, da dala ake biya, tarkon da ya kama Fijo ke nan. Ana sarrafa ma'adinin litiyam a jihar Nasarawa tun 2024, amma tsakanin wanke dutse da ƙera batir akwai tazara mai nisa.

Misalin da ya fi kusa da halinmu daga Maiduguri ya fito. Can wani matashi, Mustapha Gajibo, ya fara cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir, yana cajinsu da sola, a garin da ya daɗe ba wutar gwamnati bayan an lalata turakun da ke kai masa ita a 2021. Bai nemi attajiri mai son motar ƙawa ba, fasinjan cikin gari ya nufa. Daga baya gwamnatin Borno ita ma ta zuba motocin haya na lantarki a ƙarshen 2023.

Yanzu tambaya ta biyu. Mu ɗauki ma'aikacin da ke zuwa Abuja kullum. Ƙaramar motar fetur za ta sha kimanin lita 9 a kilomita 100, wato naira 9,000 idan lita tana 1,000. Ta lantarki za ta ci kimanin yunit 17. A farashin rukunin A na tsakiyar 2024, kusan naira 210 kowane yunit, kuɗin bai wuce 3,600 ba. Rarar naira 5,400 ke nan a rana, kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a shekara, ban da cewa ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansa. Amma idan, a misali, motar lantarkin ta fi ta gwanjo tsada da naira miliyan 15, sai ya yi fiye da shekara goma kafin ya mai da bambancin. Direban haya mai sawu uku a rana kuwa, cikin shekara uku zai iya mayarwa. Gwargwadon yawan aikin abin hawa, gwargwadon saurin fitar da kuɗinsa.

Wannan lissafi yana tsaye ne a kan samuwar wuta. Jiharmu ce ke da Kainji tun 1968, da Shiroro tun 1990, ga Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023, ga Jebba a kan iyakarmu da Kwara, amma kowa ya san yadda unguwanninmu suke kwana. Wanda zai yi caji da ƙaramin janareta, man da zai ƙona ya kusa kai wanda motar fetur za ta sha, riba ta tafi. Wanda zai kafa sola da za ta iya cika batirin mota, sai ya ƙara miliyoyi a kan kuɗin sayen. Ƙasar Habasha ta hana shigo da motocin fetur a 2024, amma ta yi hakan ne tana da babbar madatsarta a kan kogin Nilu da wuta mai arha, kuma duk da haka ƙarancin wuraren caji da masu gyara yana damun masu motocin a wajen Addis Ababa.

Sai batun batir. Farashinsa a duniya ya sauko ƙwarai, daga sama da dala 1,000 kan kowane yunit na ƙarfinsa a 2010 zuwa kimanin 115 a 2024, kuma wannan ne babban dalilin sa rai. Manyan kamfanoni sukan ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Direban sawu uku zai cinye wannan tazara kafin shekara biyu. Ba lalle batirin ya mutu a ranar ba, amma daga nan duk abin da ya same shi a wuyan mai mota yake, zafin ƙasarmu kuma yana rage masa kwana. Motar lantarki ta gwanjo ta fi haɗari, domin mai saye ba ya iya gane lafiyar batirinta da duban ido ko jin ƙarar inji.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, in lantarki zai shigo Suleja ya zauna, ta ƙofar Keke Napep da babur da ƙananan motocin haya zai shigo. Su ne kuɗinsu bai kai na mota ba, batirinsu ƙarami ne da sola za ta iya cikawa, suna aiki daga safe zuwa dare, kuma balas ɗin kullum yana iya biyan bashinsu. Kamfanoni irin su Spiro sun riga sun fara tsarin musayar batirin babur a Binin da Togo da wasu sassan Nijeriya, inda mai babur ke ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke. Amma a wannan tsari ma, ranar da kamfanin ya rufe, babur ya zama ƙarfen banza.

Saboda haka duk ɗan uwa ko ƙungiyar da ke shirin zuba kuɗi, ya tambayi shekarun kamfanin a kasuwa, da inda shagon kayan gyaransa yake a Abuja ko Kaduna, da kuɗin sabon batir a rubuce, da wanda zai ɗauki asara in ya lalace. A fara da ɗaya ko biyu, a riƙa rubuta shiga da fita na tsawon shekara guda kafin a ƙara. Sannan mu tura yaranmu da ke gareji da 'yan rewaya da masu haɗa sola su koyi aikin batir da injin lantarki tun yanzu. Masana'antar Kaduna ta sauya hannu sau da yawa, amma bakaniken da ya koyi Fijo ya ciyar da iyalinsa da ita shekara talatin. Ko wane kamfani ne ya yi nasara a wannan karon, motocinsa za su buƙaci mai gyara a Suleja.