Tarihin Ƙure wa Kwamfuta Gudu

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da bugun agogo take aiki. Wani ɗan dutsen kwats da ke kan babban allo ne tushen bugun, kuma da shi take daidaita kowane taku na lissafinta. Ana auna shi da megahaz, bugu miliyan a daƙiƙa, ko gigahaz, bugu biliyan. Tura furosesa ta zarce gudun da kamfani ya yanka mata shi masu sana'a ke kira ofakulokin, wato ƙure gudu. Asalin abin yana masana'anta. A kan faifan silikon ɗaya ake fitar da furosesa masu yawa, a gwada kowace, a rubuta mata gudun da ta jure, sannan a bar mata 'yar rara saboda zafi da tsufa. Wannan rarar masu ƙure gudu ke nema.

Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana ɗauke da Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77. Al'adar ta yi ƙarfi ne bayan fitowar IBM PC/AT a 1984, wadda furosesarta 80286 ke gudun megahaz 6 daga dutse mai 12. Masu ita suka gano cewa in an cire dutsen an sa mai 16, injin zai haura zuwa 8 da kuɗi kaɗan. IBM ya gyara BIOS, manhajar da ke tada injin, ta riƙa auna gudun tana ƙin tashi in ya yi yawa. A shekarun ne kuma maɓallin Turbo ya bayyana a gaban akwatunan kwamfuta. Amfaninsa shi ne rage gudu, domin tsofaffin wasannin da aka rubuta don megahaz 4.77 sukan yi saurin da ba a iya bin su a sababbin injuna.

A 1992 Intel ya fito da 486DX2, wadda ke ninka bugun allo sau biyu a cikinta: 33 a waje, 66 a ciki. Daga nan gudu ya zama lissafi mai sauƙi, bugun allo sau ninki, kuma da 'yan jampa ake saita duka biyun, ƙananan huluna na roba da ake ɗorawa kan filoli biyu na ƙarfe. Sauƙin ya jawo 'yan damfara. Sukan kankare rubutun bayan Pentium mai araha, su buga mata lambar mai tsada, su sayar. Mai saye ya kai gida injin da aka ƙure ba da saninsa ba, ya yi ta fama da sanƙarewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ya kulle ninkin furosesarsa wajen 1998.

Kullewar ba ta hana komai ba, sai dai ta karkata hankali zuwa bugun allo. Celeron 300A ta 1998 ninkinta 4.5 ne a kan bugu 66. In aka ɗaga bugun zuwa 100, sai ta kai megahaz 450, ta yi kafaɗa da Pentium II da ta ninka ta kuɗi. Allunan kamfanin Abit na Taiwan, irin su BH6, sun mai da saitin cikin BIOS, aka huta da buɗe akwati. A 2000 masu Athlon da Duron na AMD suka samo dabarar fensir. A saman furosesar akwai 'yan gadoji huɗu masu suna L1 da kamfani ya yanke don kulle ninki. Sai mutum ya feƙe fensir, ya goga bakinsa a kan kowace gada har ta yi baƙi, ba tare da layin ya taɓa na kusa ba. Baƙin fensir na ɗaukar wuta, don haka ninkin ya buɗe.

Gudu ba ya zuwa kyauta. Furosesar da aka matsa wa tana neman ƙarin ƙarfin wuta, zafi kuma ya fi ƙarfin wutar saurin hawa. In wutar ta gaza, lissafi ya kuskure, allo ya yi shuɗi ko injin ya mutu ya sake tashi. In ta yi yawa, silikon ya riƙa lalacewa sannu a hankali. Shi ya sa masu ƙure gudu suka rungumi manhajojin gwaji: Memtest86 ta 1994 don RAM, da Prime95 da George Woltman ya rubuta don farautar lambobin firam, wadda ke tsayawa da zarar lissafi ɗaya ya saɓa. Masu gasa kuwa har ruwan naitirojin suke zubawa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Daga baya kamfanonin suka mai da al'adar haja. A 2007 AMD ya fara sayar da Black Edition mai buɗaɗɗen ninki, Intel kuma ya kawo XMP don ƙara wa RAM gudu da zaɓi ɗaya. Turbo Boost ya zo da Core i7 a 2008, inda furosesa ke ɗaga gudunta da kanta muddin akwai sauran sanyi da wuta. Wannan yana cikin ƙa'idar kamfani, don haka ganin gudu ya haura lambar kwali ba alamar cuta ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne masu ƙera alluna, waɗanda gasa ta sa wasunsu ke sassauta iyakar wuta tun daga masana'anta. Abin da a da mutum ke yi da hannunsa yana sane, yanzu injin ke yi kafin mai shi ya taɓa komai.

Sakamakon ya fito fili. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D suka ƙone a mazauninsu, AMD ya ƙayyade wutar sashen SoC a bolt 1.3. A 2024 wasu furosesa na Intel na ƙarni na 13 da na 14 suka riƙa faɗuwa a tsakiyar wasa da aiki. Intel ya ɗora laifin kan wuta mai yawa da furosesar ke nema da kuma saitin wasu alluna, ya fitar da gyara ta BIOS a watannin Agusta da Satumba, ya ƙara shekara biyu a garanti.

Wannan tarihi ne ya tsara yadda mai gyara ke tunkarar kwamfutar tebur mai kashe kanta. Yakan fara da mayar da BIOS saitin asali, ko ya goge CMOS, ma'ajiyar saitin BIOS, da jampa ko da cire batirin CR2032, ya kashe XMP da Precision Boost Overdrive na AMD da makamantansu, ya cire manhajar ƙarin gudu da ke tashi tare da Windows, sannan ya sabunta BIOS. Lambar Kernel-Power 41 a kundin abubuwan da suka faru na Windows tana nuna cewa injin ya mutu ba shiri, amma ba ta faɗin dalili. Don haka sai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya: a kakkaɓe ƙurar da ta toshe fanka, a sake man sanyaya, a gwada RAM sanda-sanda, a jarraba wani akwatin wutar. Ba a sauya abu biyu lokaci guda, domin in injin ya daidaita a san wanne ne ya yi maganin.