Tarihin "Yeke Yeke": waƙar makaɗin gado da ta mamaye gidajen rawar Turai

Masu kallon fina-finan Indiya, daga Yelwan Yauri har Kano, sun san "Jumma Chumma" ta fim ɗin Hum na 1991, wadda Amitabh Bachchan ya taka rawarta. Karin waƙar nan daga Afirka ta Yamma aka ɗauko shi, daga "Tama" ta Mory Kanté, mutumin ƙasar Gini. A faifan da "Tama" ta fito, wato Akwaba Beach na 1987, akwai wadda ta fi ta tashe nesa ba kusa ba: "Yeke Yeke".

An haifi Mory a 1950 kusa da garin Kissidougou, a gidan da kiɗa da waƙa gado ne, kamar gidajen makaɗan fada a ƙasar Hausa. Yana yaro aka tura shi Mali, inda ya ƙware a kaɗa kora mai tsirkiya 21. A 1971 ya shiga ƙungiyar Rail Band ta Bamako, kuma da mawaƙinta Salif Keita ya bar ta a 1973, Mory ne ya maye gurbinsa. Daga baya ya zauna Abijan, sannan ya wuce Faris.

"Yeke Yeke" ta fara fitowa a faifansa na 1984, Mory Kanté à Paris, ba ta yi wani amo ba. Da aka sake ɗaukarta a 1987, aka ƙara mata sauri, aka haɗa korar da ƙahonni da gangunan lantarki, sai ta kama. A 1988 ta zo ta ɗaya a Holan da Beljiyam da Sifen, ta kuma zama waƙar Afirka ta farko da aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. A 1994 wasu Jamusawa biyu da ake kira Hardfloor suka sake sarrafa ta, suka ɗora muryar Mory a kan kiɗan na'ura zalla irin na gidajen rawa. A 1995 wannan sabon salo ya kai lamba 25 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya.

Abin alfahari shi ne duk wannan ɗaukaka da harshensa na Malinke ya same ta. Mory Kanté ya rasu a Konakiri ranar 22 ga Mayu, 2020, yana da shekara 70.