Ɗaukar hoton raƙuman dawa a Kure

Kure gari ne mai nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke kiwo a sake tsakanin gonakin gero da wake. A 1996 yawansu bai wuce 50 ba, daga baya suka haura 600. Masu zuwa ɗaukar hoto na da hannu a wannan farfaɗowa, domin kuɗin da suke biyan jagorori ya sa raƙumin dawa mai rai ya fi namansa amfani ga mutanen karkarar.

Masu suka na cewa motoci na firgita dabbobin, manomi kuma shi ke asarar wakensa da raƙuman ke ci. Ƙorafin na da tushe, amma ƙa'ida ce maganinsa: a bi jagora ɗan yankin, a tsaya nesa, a kuma ba ƙauyuka rabonsu. Harin da aka kai a yankin Kure ranar 9 ga Agusta 2020, wanda ya hallaka mutum takwas, ya katse zuwan baƙi, jagorori suka rasa abin yi, ɓarnar gona kuwa ba ta tsaya ba.